Furen magariba a ƙofar gida: wanne zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Dalas, jihar Teksas ta Amurka. Ciyawar ƙofar gidanmu ta ishe ni, kullum ban ruwa da yanka. Mai sayar da tsirrai ya nuna mini furen magariba, wato Oenothera, iri biyu, mai ruwan hoda da mai ruwan ɗorawa, ya ce dukansu 'yan ƙasa ne, ƙudan zuma na son su. Wanne zan saya? Daga Maman Yara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Gaskiya ya faɗa miki, amma halinsu ba ɗaya ba ne.

Mai ruwan hodan, Oenothera speciosa, shi kike gani ya lulluɓe bakin titunan Teksas a watan Afrilu. Zai rufe miki fili da sauri, bai damu da fari ba. Sai dai ta ƙarƙashin ƙasa saiwarsa ke yaɗo, kamar kirikiri a gona. Kin dasa shi a nan, baɗi ki gan shi cikin tumatirinki, ko a gidan maƙwabci, kuma ɗan guntun saiwar da ya rage bayan cira sai ya sake tsirowa. In ba wurin da siminti ya kewaye ta ko'ina ba, ni dai ba na ba da shawararsa.

Mai ruwan ɗorawan, Oenothera macrocarpa, ya fi natsuwa. Saiwa ɗaya yake kafawa can ƙasa kamar karas, ya kwanta inda aka sa shi, tsayinsa bai cika wuce santimita 30 ba. Furensa kuwa faɗinsa kan kai santimita 10. Da yamma yake buɗewa, washegari ya yanƙwane, wani ya maye gurbinsa. In kin fito bayan sallar magariba za ki iya ganin manyan malam-buɗe-littafin dare suna zura dogon harshensu ciki. Shi zan saya.

Matsalarsa ɗaya ce, ƙasar Dalas baƙar laka ce mai riƙe ruwa, shi kuma saiwarsa ruɓewa take in ta daɗe a jiƙe. Ki ɗaga kunya, ki gauraya tsakuwa, a inda rana ke bugawa sosai. Ki dasa a Oktoba, tazarar rabin mita.

Dukansu ba sa jure taku, don haka ki bar wa yara hanyar wucewa. Kafin ki biya kuɗi, ki tambaya ko an sa wa dashen maganin ƙwari mai shiga jikin tsiro. In an sa, ki nemi wani.