Amsa: Maganin gigin tsufa zai iya taɓa ƙodar Baba?

Malama, kin ce mahaifinku a wani ƙauye kusa da Ringim yana shan donepezil da memantine saboda gigin tsufa, kuma kwanan nan fitsarinsa ya ragu, barci ya yi masa yawa. Allah ya ba shi lafiya. Ku kai shi asibiti yau, kada ku jira ranar ganin likita.

Memantine ba ya lalata ƙoda, amma ta ƙoda yake fita. Idan ta yi rauni sai ya taru a jini, ya kawo jiri, magagi da ƙarin ruɗewa, 'yan gida su ɗauka ciwon ne ya ci gaba. Cikakken adadinsa miligiram 20 ne a rana. Idan lambar da gwaji ke ba aikin ƙoda ta sauka ƙasa da 30, likita kan mayar da shi 10. Ku nemi gwajin kiriyatinin, wato gwajin jini da ke nuna aikin ƙoda, kuma a auna nauyinsa, domin a jikin tsoho ramamme sakamakon kan fito kamar lafiya lau alhali ƙodar ta gaji; sai an haɗa da shekaru da nauyi ake gane gaskiya. Ku daina ba shi jiƙon kanwa, tana iya sauya fitsari har fitar maganin ta ragu ƙwarai.

Shi donepezil hanta ce ke sarrafa shi, a kaikaice yake cutar ƙoda: gudawa, amai da rashin cin abinci, musamman bayan an ɗaga shi daga miligiram 5 zuwa 10. Tsoho ba ya jin ƙishirwa sosai, mai mantuwa kuma ba zai nemi ruwa ba, ga zafin bazara. Jiki ya bushe, sai a je kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen na ciwon gwiwa, a ɗora a kan lisinopril na hawan jini ko Lasix mai fitar da ruwan jiki. Wannan haɗin na fi tsoro.

Kafin ku isa, idan yana gudawa ku dama gishiri da sukari na ORS ƙunshi ɗaya a lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu, ya riƙa kurɓa. A dakatar da magungunan ciwon jikin nan, wato diclofenac da ibuprofen. Ku zuba duk abin da yake sha a leda, har na gargajiya, ku nuna wa likita. Ku faɗa masa idan fitsarin ya yi duhu kamar shayi tare da ciwon tsoka, ko ƙafa ta kumbura, ko mara ta cika fitsari ya ƙi fita. Idan babu gwajin a kusa, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse da asibitin Malam Aminu Kano.