Amsa Ga Mai Koyon Aiki: Shin Hirar Shirin Dare Haddace Ta Ake Yi?

Ɗana, ka tambaye ni ko hirar da ka gani a tsofaffin shirye-shiryen dare na Amurka, irin na Johnny Carson, haddace ta ake yi kafin a kunna kyamara, kuma idan haka ne, ko ya kamata kai ma ka riƙa rubuta wa mai gabatar da shirinku tambayoyi da barkwancin da zai bi ɗaya bayan ɗaya. Ana tsara shirin ƙwarai, fiye ma da yadda kake zato, sai dai akwai inda alƙalami yake aiki, akwai kuma inda ake ajiye shi, kuma kai kana neman kai alƙalamin inda ba wurinsa ba.

Shirin The Tonight Show ya fara a tashar NBC a 1954 da Steve Allen, Jack Paar ya karɓe shi a 1957, sannan Carson ya riƙe shi daga 1962 har zuwa 1992, da farko a birnin New York, daga 1972 kuma a Burbank ta jihar Kalifoniya. A zamanin Carson ana ɗaukar shirin da yamma, wajen ƙarfe biyar da rabi, a gaban 'yan kallo, a tafi da shi tamkar kai tsaye ne, sannan a watsa shi ƙarfe goma sha ɗaya da rabi na dare bayan labarai. Ɓangaren farko, inda mai gabatarwa yake tsayawa shi kaɗai yana raha a kan labaran ranar, rubutacce ne daga farko har ƙarshe. Marubuta suna karanta jaridu tun da safe, su kawo barkwanci masu yawa, Carson ya zaɓi kaɗan, a rubuta su da manyan baƙaƙe a kan kwalaye a ajiye kusa da kyamara. A nan ka rubuta iya ƙarfinka, amma ka auna kowace kalma, domin a Disamba 1973 Carson ya yi raha cewa takardar banɗaki za ta yi ƙaranci, jama'a suka ruga kantuna suka kwashe ta, har ta yi ƙarancin gaske a wurare da dama.

Da zarar mai gabatarwa ya koma bayan teburinsa, baƙo ya zauna a kujerar da ke gefensa, aikin ya sauya. Kafin ranar ɗauka, wani ma'aikaci ya riga ya yi doguwar hira da baƙon, ya tono labarai uku ko huɗu da baƙon ya iya ba da su da daɗi, ya kuma gano abin da ba ya son a taɓa. Abin da ke isa teburin mai gabatarwa ɗan taƙaitaccen bayani ne: tambaye shi yadda aka yi ya ɓata a filin jirgi, yana da labari a kan mahaifiyarsa, fim ɗinsa zai fito ran kaza. Mai gabatarwa ya san inda labarin ya dosa, amma bai ji shi daga bakin mai shi ba, saboda haka dariyar da zai yi ta gaske ce, kuma 'yan kallo suna bambance dariyar gaske da ta aro ko da ba za su iya faɗin yadda suka gane ba.

Wannan hirar ta share fage ita ce aikinka, kuma a ganina ita ce mafi wuya a duk shirin, domin yawancin taurari sun saba da amsa guda da suke maimaitawa a kowace tasha. Sai ka yi haƙuri ka bar su su gama zubar da waccan haddar, sannan ka tambayi abin da ya faru kafin nan, ko wa ke wurin, ko me aka ce masa da ya koma gida. Labarin da ya dace da shirin dare yakan fito ne bayan baƙo ya ɗauka an gama aiki.

Dick Cavett, wanda ya yi wa Paar rubutu kafin ya sami nasa shirin a tashar ABC, ya sha ba da labarin shawarar da Paar ya ba shi, cewa kada ya jera wa baƙo tambayoyi daga takarda, ya mai da zaman ya zama taɗi. Illar jerin tambayoyi ita ce mai gabatarwa yakan daina sauraro, idonsa na kan baƙo, hankalinsa na kan tambaya ta gaba, sai baƙo ya faɗi magana mai nauyi ta wuce ba a kama ta ba. Haka ma barkwancin da aka rubuta don a cusa cikin hira: mai gabatarwa zai yi ta jiran gurbin da zai jefa shi, ya katse baƙo a tsakiyar zance, a yi dariya sau ɗaya, baƙon kuma ya kame bakinsa har ƙarshen zaman. A lokacin hira mai gabatarwa ɗan amshi ne, ya san waƙar sarai, amma baitin na baƙo ne. Carson ya fi kowa iya wannan, yakan yi shiru ya kalli kyamara ya ɗaga gira, dariya ta ɓarke, baƙo ya tafi gida yana ganin shi ne ya ba da ita.

Dubi abin da ya faru a 1973 da Uri Geller, mutumin da ke cewa yana lanƙwasa cokali da ƙarfin tunani. Carson ya yi wasan rufa-ido a ƙuruciyarsa, ya kuma nemi shawarar James Randi, wani mai wasan rufa-ido da ya shahara wajen fallasa masu da'awar ikon ban mamaki, sai ma'aikatan shirin suka tanadi nasu cokula da sauran kaya, suka hana mutanen Geller kusantarsu. Da aka zauna, Geller ya kasa yin abin da ya saba, Carson kuwa bai yi masa ba'a ba, ya dai zauna yana jira cikin ladabi. Babu jimla guda da aka rubuta a wannan zaman, amma an gama aikin tun kafin a kunna fitilun situdiyo.

Wani lokaci kuma tanadin duka tambaya ɗaya ce. A Yuli 1995 ɗan wasan fim Hugh Grant ya zo shirin Jay Leno, magajin Carson a The Tonight Show, jim kaɗan bayan 'yan sanda sun kama Grant ɗin a Los Angeles kan wani abin kunya, kowa na jiran ya ga ko za a kauce wa zancen. Leno ya tambaye shi kai tsaye, cikin raha, wai shin me ya shiga kansa, sannan ya bar shi ya amsa. A daren nan Leno ya zarce David Letterman, abokin hamayyarsa mai shirin dare a tashar CBS, a yawan masu kallo. Ka lura cewa Grant ya san za a taɓo maganar, ya kuma yarda ya zo. Kada ka ɗauki wannan a matsayin izinin yi wa baƙo kwanton ɓauna, balle a wurinmu, inda baƙon da aka kunyata a gaban kyamara zai hana ka baƙi goma da ba ka ma gayyata ba tukuna.

Ga abin da nake so ka kawo mini kafin ɗauka ta gaba. Kati guda ga kowane baƙo, ɗauke da tambayar buɗewa, da mashigar labarai uku a jere, mafi ƙarfinsu a ƙarshe domin a tafi hutun talla ana cikin dariya, da abu ɗaya da ba za a taɓa ba. Kada ka rubuta ƙarshen labarin a katin. Zaman baƙo tsakanin talla da talla 'yan mintoci ne, don haka idan labarin farko ya yi armashi ya cinye lokacin, ka bar sauran biyun su tafi, kada ka tsaya bayan kyamara kana yi wa mai gabatarwa alama ya koma kan kati. Ka adana su a fayil ɗin baƙon, za mu buƙace su ran da ya sake zuwa.