Ciwon hanta ne, me ya kai shi ciki?

TAMBAYA: Salam dokta, maigidana ne ke da hefatitis B har hantar ta ƙanƙance, kwanaki aka zura masa kyamara ta baki nan Garwa aka ce fatar cikinsa ta canza kuma jininsa ya yi ƙasa. Olsa ce ko me? Daga wata 'yar uwa.

AMSA: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Bisa bayaninki, da alama ba olsa ba ce. Jinin hanji da na tumbi duk ta wata babbar jijiya yake bi ya shiga hanta, to in hanta ta taurare sai hanyar ta matse, jinin ya taru baya, ƙananan jijiyoyin bangon tumbi su kumbura, shi ya sa a kyamara ake ganin wurin da zane-zane kamar fatar maciji. Yawanci ba ya ma ciwo, kawai jini yake tsatstsafowa kaɗan-kaɗan har mutum ya ɗashe yana haki.

Maganin olsa irin su omeprazole da ake ta sha ba ya rage wannan matsin. Likita kan ba da propranolol ko carvedilol don rage matsin, da maganin ƙarin jini, kuma a ci gaba da na hefatitis ɗin.

Don Allah a raba shi da diclofenac, ibuprofen da asfirin na masu tallan magani a kasuwa, da jiƙe-jiƙen da ba a san me ke ciki ba. In ya yi aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai wari, ko ya fara ruɗewa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne.