Waƙoƙin naka ne, amma asusun na wa?

Wani matashi mai shagon kayan waya a Tudun Wadan Gusau ya aiko da tambaya. Ya tara naira dubu 900, yana son fitar da albam na hip-hop mai waƙoƙi 12. Ɗan baffansa yana da situdiyo, shi zai buga kiɗa, ya ɗauki murya, ya ɗora waƙoƙin a intanet ta asusunsa, in kuɗi sun shigo su raba. Yana son sanin nawa zai ware wa bidiyo da talla, kuma wata nawa kuɗinsa za su yi kafin su dawo.

Ƙanena, ajiye maganar bidiyo tukuna. Abin da ya tsaya mini a wasiƙarka kalma ɗaya ce: asusunsa. Kai za ka fitar da kuɗi, kai za ka kwana rubuta baituka, amma imel da lambar sirri da bankin da kuɗi za su faɗa duk na wani ne. Kai da ke kasuwa, ka taɓa ganin wanda ya cika shago da kaya ya bar makulli da littafin ciniki a aljihun maƙwabci?

Kamfanonin da ke rarraba waƙa zuwa Spotify da Boomplay da Apple Music, irin su DistroKid da TuneCore, ba su san zumunci ba. Wanda ya buɗe asusu shi suke biya, shi ne kuma zai iya sauke waƙar ranar da ya ga dama. Ban ce ɗan baffanka macuci ba ne. Amma mutum yakan yi tafiya, yakan yi fushi, yakan rasu magada su zo.

Na ga wannan da idona a Birnin Kebbi. Wani yaro ya yi waƙa ta karɓu, ba bikin da ba a saka ta. Abokin wasansa ne ya ɗora ta da imel ɗinsa. Suka saɓa kan wata magana ta gida wadda ba ta da alaƙa da waƙa, wancan ya koma Abuja ya daina ɗaga waya. Yaron ya zo wurina riƙe da waya mai fasasshen gilashi, yana nuna mini adadin masu saurare yana hawa, shi ko kuɗin mashin zuwa gida ba shi da su. Na ce ina takarda? Babu. Ina asalin sautin da aka ɗauka, murya daban kiɗa daban? Yana cikin kwamfutar wancan. Iyaye suka zauna, aka ce a bar wa zumunci, aka bari.

Don haka kafin ka shiga ɗakin ɗaukar murya, ku rubuta. Kiɗan nan sayar maka ya yi gaba ɗaya, ko aro ne da zai iya ba wani gobe? Kashi nawa ne nasa a kowace waƙa? Wanda ka gayyato ya yi baiti ɗaya, kyauta ya yi ko yana da rabo? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda aka sabunta a 2022, ba ta ɗaukar miƙa haƙƙi da fatar baki, sai a rubuce. Kuma in kunya ce ke hana ka, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. Ku sa hannu gaban shaidu biyu, ɗaya daga cikinsu ba ɗan gidanku ba.

Batun wata nawa kuɗi za su dawo kuwa, wannan cinikin biri a sama ne, kuma na gaji da jin sa daga bakin matasa. Tun 2024, waƙar da ba ta kai saurare 1,000 cikin wata 12 ba Spotify ba ya biyan ko sisi a kanta. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko mabiya 1,000 da kallon gajerun bidiyo miliyan 10 cikin kwana 90. Masoyanka na Gusau da Ƙaura Namoda yawancinsu wajen masu tura waƙa a waya za su karɓa, ko aboki ya tura musu ta Xender. Kuɗin mawaƙi a nan suna wajen biki da taro da tallan 'yan kasuwa.

Kada ka taɓa jarin shago. Cikin dubu 900 ɗin nan, fitar da dubu 250 ka yi waƙa 3, ka saki ɗaya, ka ga ko wani zai kira ka wasa. Sauran su zauna cikin caja da gilashin waya suna juyawa.

Asusun kuma ka buɗe shi da kanka, da imel ɗinka da lambar wayarka da bankinka. Ka biya ɗan baffanka kuɗin aikinsa cif, ya ba ka rasit. Ranar da aka gama kowace waƙa, ka je da filas ɗinka ka kwafi komai kafin ka bar situdiyon.