Amsoshin Tambayoyinku: A Sare Itacen Ko A Rage Shi?

Wata baiwar Allah daga Kazaure: Maigidana ya rasu ya bar mana shukar itacen turare mai shekara shida, tazarar mita biyu-biyu. Itatuwan sun yi sirara, ƙarƙashinsu ko ciyawa babu. Masu gawayi sun taya duka. In sayar?

Allah ya ji ƙan Malam, ya raya marayu. Hajiya, ki kwantar da hankalinki, shukar ba ta lalace ba, cunkoso ne ya dame ta. Tazarar mita biyu-biyu na nufin itace 2,500 a hekta ɗaya, duk suna wawar ruwa da rana. Ki rage, kada ki share. A cire karkatattu da raunana, kamar ɗaya cikin uku, a sayar wa masu neman sandunan gini. Da zarar rana ta fara taɓa ƙasa, ciyawa za ta fito wa awakinki, ganyen da ya zube zai ruɓe da wuri, sauran itatuwan kuma su yi kauri. Amma idan aka wuce kima, rana za ta gasa ƙasar, ruwan farko ya kwashe ta. Kada ki bar mai saye ya zaɓa da kansa, manyan zai ɗebe ya bar miki tarkace. Ki sa ɗan'uwanki ya shafa wa na sarewa fenti, a kuma tuntuɓi malamin daji kafin a ɗaga gatari.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ana gama sara sai a tara ganye da ƙananan rassa a cinna musu wuta, wai sharar gona. Alhali abincin da itace ya jawo daga ƙasa ya fi taruwa a ganye da ɓawo da 'yan rassan nan. Wuta tana kora naitirojin, sinadarin da shuka ke buƙata don girma, sama cikin hayaƙi, tokar da ta rage kuma iska ta yi gaba da ita. Da an bar su a shimfiɗe, gara ta shigar da su cikin ƙasa kyauta. Sannan mutumin da ya ƙone takinsa da hannunsa shi ne zai ci bashi ya sayi buhun takin zamani na NPK, kun dai san kuɗinsa bana, kuma ba mamaki a haɗa shi da wanda aka cakuɗa da yashi aka sake ɗinkewa. Wannan asara tana ba ni takaici ƙwarai.

Wani matashi daga Zariya: In sayi injin yankan itace? Darbejiya goma sha biyu zan rage.

Goma sha biyu? Ɗana, ka wasa gatari.

Wani manomi daga Tasawa: Gawo ya yi yawa a gonar gerona, ina tsoron inuwa.

Malam, gawo da damina yake zubar da ganye, inuwarsa ba ta cutar da gero, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa naitirojin. Ka dubi geron da ke gindinsa, ka gwada da na fili. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suke rainon tohon kututture, har aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Idan tohon kalgo ko sabara ne ya yi yawa, ka bar biyu ko uku masu ƙarfi a kowane gindi, ka sassabe sauran. Gawon kuwa, reshe kaɗai za ka taɓa.