Amsa a kan yadda Rumawan farko suka mallaki Italiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ɗan'uwanmu ya yi tambaya ko jarumta da ingancin makamai ne suka sa ƙaramin gari a bakin kogin Taiba, wato Rum, ya mallaki Italiya. A ganina ba nan dalilin yake ba. Shekarun da zan ambata duk kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihis salam, don haka lissafin raguwa yake yi.

Rumawa sun sha kashi ba sau ɗaya ba. Wajen shekarar 390 mayaƙan Gol, wata al'umma daga arewa, suka afka wa birnin Rum, suka wawashe shi, kuma a 321 Samniyawa, mutanen tsaunukan kudancin Italiya, suka rutsa da rundunar Rumawa a mashigin Kaudiyum, suka tilasta mata miƙa wuya cikin wulaƙanci.

Abin da ya dace mu tsaya a kansa shi ne shekarar 338, bayan Rum ta ci garuruwan Latin, wato maƙwabtanta, da suka yi mata tawaye. Ta wargaza ƙawancensu, ta ƙulla yarjejeniya da kowane gari shi kaɗai, ta ba wasu cikakken matsayin 'yan ƙasa, wasu kuma ta ba su matsayin amma ba tare da ikon jefa ƙuri'a ba. Abin da take nema daga ƙawayenta ba haraji ba ne, sojoji ne duk lokacin da yaƙi ya taso, kuma suna da rabo a cikin ganima. Wannan dabara ce nake ganin ta fi kowane makami, domin wanda aka ci jiya shi ne yake tsaye a sahu gobe. Sai ta kafa matsugunai a ƙasar da ta ci, ta kuma fara shimfiɗa babbar hanyar da ake kira Afiya daga Rum zuwa birnin Kafuwa a 312.

A cikin gida ma, tun da aka kori sarki a 509, talakawa ba su daina matsa wa manya lamba ba, har dokar 367 ta buɗe musu ƙofar muƙamin konsul, wato shugabanni biyun da ake zaɓa kowace shekara.

An ga amfanin wannan tsari da sarki Firus na Efirus, a yankin Girka, ya ƙetaro teku zuwa Italiya da giwayen yaƙi. Ya ci Rumawa a 280 da 279, amma shi ba ya iya mayar da gurbin mutanen da ya rasa, su kuwa kullum sabuwar runduna suke fitowa da ita. Bayan karonsa da Rumawa a garin Benebentum a 275 ya koma gida, kuma a 272 birnin Tarentum na kudancin Italiya da ya gayyato shi ya faɗa hannun Rum. Wassalamu alaikum.