Ɗora wa kwamfuta Windows a garin da babu intanet

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Na sayi kwamfutar HP ta hannu, yanzu Windows ɗinta ya lalace, in na kunna sai ta tsaya a shuɗin allo. A garinmu sabis sai an hau tudu. Zan iya ɗora mata sabo ba tare da intanet ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ƙwarai kuwa za ka iya. Sau ɗaya ake buƙatar intanet, wurin sauke kayan aiki, kuma wannan za ka gama shi ranar da ka shiga Ringim ko Dutse ko Kano. Sauran aikin a ɗakinka za a yi shi.

Ka tafi da filashi wanda bai gaza giga 8 ba, kuma babu abin da kake so a cikinsa, domin za a share shi tas. A shagon da ke da intanet mai ƙarfi, a sauke maka fayil ɗin ISO, wato fayil guda da ke ɗauke da Windows ɗin gaba ɗaya, daga shafin Microsoft kansa, nauyinsa ya haura giga 5. Ina roƙonka kada ka karɓi wanda aka ce an riga an "fasa" shi, don ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Kuma jefa fayil ɗin cikin filashi kamar hoto ba ya aiki. Sai an rubuta shi da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus, ita ce ke mayar da filashin abin da kwamfuta za ta tashi daga kansa.

Wanne za ka ɗora? Windows 11 yana son ram giga 4, ma'ajiya giga 64 da TPM 2.0 (wani ɗan ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta), kuma in firosesan Intel ne, a hukumance sai zubi na 8 (8th Gen) zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ke kasuwanninmu sun girme wa wannan. Har ila yau yana tsayar da mutum a tsakiyar aiki ya ce sai an haɗa intanet an shiga asusun Microsoft. Rufus na da akwatin da ake yi wa maki don cire wannan sharaɗi, ka tabbata an yi masa tun a shago. Windows 10 bai da wannan rigima: idan ya nemi sabis, ka danna "I don't have internet" ka wuce. Microsoft ta daina tallafa masa ranar 14 ga Oktoba 2025, amma yana aiki, kuma ga tsohuwar kwamfutar da ba ta hawa intanet ni shi zan zaɓa.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne direbobi, ƙananan manhajojin da ke sa Wi-Fi da sauti da allo su yi aiki daidai. Sai a gama komai, a ga lasifika shiru, rubutu ya kumbura. Ka juya kwamfutar, a ƙarƙashinta akwai lambar samfurinta. Ka kwafe ta a takarda, a sauke maka direbobinta daga shafin HP, a zuba a wani filashin daban. A nan ma a sa maka LibreOffice na rubutu da lissafi da VLC na bidiyo, tunda Windows ba ya zuwa da Word.

Ranar aiki ka cika batir, ko ka jona ta a sola ko inji, don mutuwar wuta ana tsaka da ɗorawa na sa a koma farko. Soka filashin, ka kunna, ka yi ta danna Esc, sannan F9, ka zaɓi filashin. A Dell da Lenovo F12 ne. Idan ya tambayi lambar lasisi, ka zaɓi "I don't have a product key". Yawancin kwamfutocin da suka fito da Windows 8 zuwa sama lambarsu na ajiye a cikinsu, ranar da suka samu intanet za su tabbatar da ita.

Ka nutsu sosai a wurin zaɓen ɓangaren ma'ajiya, musamman in akwai sakamakon jarrabawar ɗalibai a ciki. Idan ka danna Format ko Delete, sun tafi. Idan kuwa ka zaɓi ɓangaren da tsohon Windows yake ka ci gaba ba tare da sharewa ba, za a tattara tsofaffin fayilolinka a jaka mai suna Windows.old. Ka kwashe su da wuri, domin Windows na goge jakar da kansa bayan wani lokaci.

Idan shuɗin allon ya dawo bayan sabuwar ɗorawa, to mai yiwuwa matsalar ta ƙarfe ce, ma'ajiyar ko ram ɗin, sai mai gyara ya buɗe ta ya duba.